Mariyama, Mairo, Mairamu: suna ɗaya ne

A ƙauyukan Sarkin Hausa, da Mayahi, da Tasawa, da wuya a shiga gida uku ba a iske Mariyama ba. To, daga ina wannan suna ya fito?

Sunan tsoho ne ƙwarai. Ya fito daga harshen Yahudawa, inda ake cewa Miriyam. Cikin Attaura, shi ne sunan ƴar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna. Masana sun sha bamban kan ma'anarsa. Waɗansu sun ce daga tsohon harshen Masar yake, yana nufin wadda ake ƙauna.

Musulunci ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Maryamu ita ce uwar Annabi Isa. Ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta, kuma sura ta 19 sunanta ta ɗauka. Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta Gobir a 1754, ya sa wa ɗiyarsa wannan suna. Ta zama malama, ta karantar da mata bayan yayarta Nana Asma'u.

Kowace ƙasa da yadda bakinta ya juya shi. Larabawa suna cewa Maryam. Mutanen Turkiyya suna cewa Meryem. A Faransa, Mari. A Ingila, Meri. A Italiya, Mariya. Hausawa kuwa suna da Mariyama, da Mairamu, da Mairo.

A nan ne ake samun matsala. Ranar suna liman ya raɗa Maryamu. A gida ana kiran yarinya Mairo, ko wani laƙabi saboda alkunya. Wajen takardar haihuwa an rubuta Mariyama. Malamin lakkol ya rubuta Mairo. Ranar jarrabawa, ko ranar neman katin ɗan ƙasa, sai a ce takardun ba na mutum ɗaya ba ne. Gyara yana cin kuɗi, da tafiya wurin alƙali.

Saboda haka ya kamata uba ya yi wa jaririya takardar haihuwa da wuri, a ma'aikatar magajin gari. Ya duba yadda aka rubuta sunan, baƙi bayan baƙi. Wannan sunan za a bayar a lakkol da gidan likita. Mairo ta tsaya a gida, Mariyama ta shiga takarda.

Uban da ya iya karatu, shi zai duba da idonsa.