Yadda Make Ke Ɗaukar Tsohon Fayil a Matsayin Sabo

Make wata manhajar kwamfuta ce wadda Stuart Feldman ya tsara a Bell Labs ta Amurka cikin 1976. Aikinta shi ne ta ƙera fayil daga tushensa, watau kamar a fitar da shafukan ƙamus daga jerin kalmomin da malami ya tattara. Ba ta karanta abin da ke cikin fayil. Abu biyu kaɗai take dubawa, suna da lokaci. In abin da aka ƙera ya riga tushensa, sai ta sake ƙera shi. In kuwa ya biyo baya, sai ta ƙyale shi.

A Make ta GNU akwai wani umarni, VPATH, wanda ke jera wuraren da za ta duba in ba ta sami fayil a inda take aiki ba. Misalinsa kamar a aiki yaro neman Audu, a ce in babu shi a Jangeru ya duba Shinkafi. Audun da ya fara cin karo da shi, shi zai kawo.

To, ga inda cikas ɗin yake. Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare wadda Linus Torvalds ya fara a 2005, ba ta riƙe lokacin da aka taɓa fayil. Duk fayil ɗin da ta fito da shi daga ma'aji, lokacin fitowar take ba shi. Saboda haka in wani ya ajiye ƙerarrun shafuka na bara tare da tushensu, aka kuwa gyara tushen bana, sa'ad da aka fito da su duka tare, mai yiwuwa ne tsohon ya zo da lokacin da bai gaza na tushen ba. Make ta nemi sunan a wurin aiki ta rasa, ta bi VPATH ta same shi, ta ga lokacinsa bai tsufa ba, sai ta wuce. Ba ta kawo wani gargaɗi, gama a ƙa'idarta ba ta yi laifi ba. Gyaran shekara guda sai ya ɓace daga littafin da aka buga.

Maganin abin shi ne kada a sa ƙerarren fayil cikin ma'aji. A rubuta sunansa a.gitignore. Wanda ya riga ya shiga kuwa a cire shi, a share wurin tushe kafin a soma aiki.