Amai a Cikin Ruwa da Numfashin da Ke Biyo Bayansa

Mai karatu, idan damina ta kankama, wajen watan Yuli zuwa Satumba, Kubanni kan cika ya batse, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ma su tumbatsa. Lokacin ne yara ke sulalewa daga gida su tafi wanka, wasu kuma sai dai a tsamo su. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma unguwarzoma, a Kongo nake zaune. Abin da na lura da shi a unguwa da kuma wurin aiki shi ne, in aka tsamo mutum daga ruwa, hankalin kowa na kan ruwan da ya sha ne, yadda za a yi a fitar da shi. Ba a cika damuwa da aman da zai yi ba, alhali aman nan na iya lalata huhun da ruwan bai gama lalatawa ba.

A wuyanku akwai hanyoyi biyu da ke maƙwabtaka da juna. Ta gaba ita ce maƙogwaro, ta nan iska ke bi ta shiga huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci da ke zuwa ciki. A bakin maƙogwaro akwai wani ɗan murfi da ke rufewa duk lokacin da kuka haɗiye abu. In wani abu ya kuskure ya bi ta hanyar iska, sai mutum ya ƙware, ya yi ta tari har abin ya fito. Lokacin amai ma jiki na rufe wannan hanya da kansa, shi ya sa mai amai ba ya numfashi sa'ad da aman ke fita. Amma da zarar yunƙurin ya wuce, jiki sai ya ja numfashi mai ƙarfi, ko mutum ya so ko bai so ba. A tudu ba komai, iska zai shaƙa. In fuskarsa na cikin ruwa, ruwa zai shaƙa. In kuma yana kwance rigingine bai san inda kansa yake ba, aman da ya taru a bakinsa shi zai koma huhu.

Amai kuwa ba ruwa ne kawai ba. Akwai guntayen abinci da kan toshe ƙananan hanyoyin iska, akwai kuma ruwan ciki mai tsami wanda ke ƙona huhu. Mu unguwarzoma tun a makaranta ake jan kunnenmu a kan wannan. A 1946 wani likitan mata a birnin Niyok na Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana yadda mata 66 daga cikin haihuwa 44,016 suka shaƙi abin da ke cikinsu lokacin da aka sa su barci don haihuwa. Wannan ne asalin dalilin da ya sa muke hana ku cin abinci na wasu awoyi kafin tiyata. Ba mugunta ba ce, kamar yadda wasu masu jinya ke yi mana kallo.

Masu nutso da tukunyar iska

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan al'amari su ne masu nutso cikin teku da tukunyar iska goye a baya, irin waɗanda kuke gani a talabijin, ko masu aikin gyaran bututun mai a gabar tekun ƙasar nan. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera wannan na'ura a 1943. Daga tukunyar akwai tiyo da ke zuwa wani abin baki wanda mai nutso ke riƙewa da haƙora. In ya ja numfashi ya ba shi iska, in ya fitar sai iskar ta fice ta wata ƙofa da ke ƙasansa.

To, igiyar ruwa kan jawo musu jiri da tashin zuciya, haka ma haɗiyar ruwan gishiri ko cin abinci mai maiƙo kafin a shiga. Sai amai ya taso wa mutum yana ƙarƙashin ruwa, mita goma ko fiye. Abin da zuciya za ta fara raya masa shi ne ya cire abin bakin don kada ya ɓata shi. Ana koya musu kada su kuskura su yi haka. Mai nutso zai dafe abin bakin da hannu, ya yi aman a cikinsa, aman ya fice ta ƙofar da iska ke fita. Ta haka numfashin da zai biyo baya zai samu iska, ba ruwan teku ba. Sannan ya danna maɓallin da ke feso iska ya wanke abin, ya ja numfashin farko a hankali, harshensa a ɗage don ya tare abin da ya saura. In ya toshe, yana da na biyu a rataye, sai ya sauya bayan aman ya lafa. Daga nan ya yi wa abokin nutsonsa alama su hau sama tare, sannu a hankali. Ba a hawa da gudu, ba a kuma riƙe numfashi, domin iskar da aka shaƙa a zurfin mita goma tana ninka girmanta kafin a iso sama, tana iya fasa huhu.

Mu nan ba mu da tukunyar iska. Masunta a Galma, da masu ɗibar yashi, da masu shiga rijiya yasa, da samarin da ke gasar wanda zai fi daɗewa a ƙasan ruwa, duk da numfashin ƙirjinsu suke nutso. Saboda haka su ba su da abin da zai tare musu wancan numfashi na dole. In kana cikin ruwa ka ji yawu na taruwa a bakinka, ko jiri, ko zuciyarka na tashi, fito nan take, kada ka ce bari ka ƙarasa. In aman ya riga ka, ɗaga kai sama da ruwa, ka kama wani abu, ka juya wa igiyar ruwa baya, ka kira wanda ke kusa. Wanda ya sha kayan maye, da mai farfaɗiya, da wanda ya kwana yana amai da gudawa, ba su da abin yi a cikin ruwa mai zurfi.

In an tsamo mutum

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Wata damina aka tsamo wani yaro ɗan shekara tara daga kududdufi a bayan unguwarmu. Kafin in isa, an riga an kwantar da shi rigingine, wani bawan Allah na danna masa ciki da hannu biyu wai ruwa ya fita. Abin da ya fito tuwon rana ne, ya cika masa baki da hanci, yana ta gurnani yana jan sa ciki. Yaron ya rayu, amma sai da ya yi kwanaki a gadon asibiti da ciwon huhu.

Ku sani cewa ruwan da kuke gani yana fitowa in an danna ciki, daga ciki yake fitowa, ba daga huhu ba. Wanda ya shiga huhu ba shi da yawa, kuma danna ciki ko riƙe yaro ta ƙafa a zazzage shi ba ya fitar da shi. Amai kawai ake jawowa, a kuma ɓata mintocin da ƙwaƙwalwa ke jiran iska. Ko ba a danna ba ma aman na zuwa. A wani bincike na shekara goma da aka yi a Ostireliya, kashi biyu cikin uku na waɗanda aka hura wa iska bayan an tsamo su sun yi amai, a cikin waɗanda sai da aka haɗa da danna ƙirji kuwa, kashi 86 cikin ɗari. Don haka ku sa rai da shi tun kafin ya zo.

Da farko ku duba ko yana numfashi. Ku ɗaga haɓarsa, ku kara kunne kusa da bakinsa, ido na kan ƙirji, na kamar daƙiƙa goma. In yana numfashi, ku kwantar da shi ta gefe, a kan haƙarƙarinsa. A lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama don kada ya mirgina, a sa bayan hannunsa ƙarƙashin kuncinsa, baki na kallon ƙasa yadda duk abin da ya taso zai zube waje. Mace mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. In tsalle ya yi ya faɗa da ka a wuri marar zurfi, wani ya riƙe kansa a juya shi tare da jikinsa gaba ɗaya, saboda ƙashin wuya. A cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi da zane busasshe, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

In ba ya numfashi, a bar shi rigingine a kan ƙasa mai tauri. A toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau talatin da sauri, a hura sau biyu, a ci gaba da haka yayin da wani ke neman mota. In ya yi amai ana cikin yi, a juya shi gefe, a naɗa ƙyalle a yatsa a share abin da ido ke gani, a mayar da shi a ci gaba. Farar kumfa da ke fitowa ta baki ko hanci kada ta tsayar da ku, in kun goge wata za ta fito.

Wani abin da nake roƙon iyaye mata musamman: kada a ɗura wa wanda aka tsamo manja, ko madara, ko ruwan gishiri, ko jiƙo, wai ya amayar da dattin da ya sha. Wanda bai gama farfaɗowa ba murfin maƙogwaronsa bai dawo aiki sosai ba, abin da aka ɗura masa huhu zai nufa. Manja a huhu kuwa ya fi ruwan kududdufi wuyar magani.

Ko ya tashi zaune yana magana, in dai ya suma, ko ya yi amai, ko yana ta tari, ku kawo shi sashen gaggawa a Shika ko asibitin da ya fi kusa da ku. Huhun da ya shaƙi amai ba lallai ya nuna nan take ba, shi ya sa mukan riƙe mutum awa shida zuwa takwas muna auna numfashinsa da iskar da ke jininsa, wani lokaci a ɗauki hoton ƙirji. Ku gaya mana gaskiyar abin da ya faru, irin ruwan da ya faɗa, ko ya yi amai, ko an danna masa ciki, ko an ba shi wani abu ya sha. Ba faɗa za mu yi muku ba. In an sallame ku, ku sa masa ido kwana biyu zuwa uku. Haki, numfashi da sauri, tarin da ke ƙaruwa, zazzaɓi, yawan barci, ko harshe da cikin leɓe su yi duhu, duk wanda kuka gani a ciki ku dawo da shi, ko da tsakar dare ne.