Kasuwar Masu Sana'ar Hannu ta Wagadugu, Inda Ake Yankar Tikiti Kafin a Shiga Ciniki

Baje kolin masu sana'ar hannu kasuwa ce da ake ci na 'yan kwanaki a cikin rufaffen gini, inda wanda ya yi kaya da hannunsa yake tsayawa da kansa ya sayar, mai shiga kuma sai ya yanki tikiti a bakin ƙofa. A Afirka ta Yamma babu wadda ta yi suna kamar ta Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wadda aka fi sani da SIAO, taƙaitaccen sunanta na Faransanci. Ana cin ta sau ɗaya a shekara biyu, tana ɗaukar kwana goma, galibi daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, hunturu kuma bai kankama ba.

Asalinta wani baje koli ne da aka shirya a 1984, zamanin mulkin Thomas Sankara, shekarar da aka sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso. Gwamnatin wancan lokaci ta dage kan cewa mutanen ƙasa su ci abin da suka noma, su sa abin da suka saƙa, har ta wajabta wa ma'aikata sa tufafin saƙar gida da ake kira Faso Dan Fani. Karɓuwar da wannan baje koli ya samu ita ta sa aka faɗaɗa shi ya haɗa da sauran ƙasashen Afirka, aka ci kasuwar farko a watan Fabrairun 1988, watanni kaɗan bayan kashe Sankara. Tun daga nan take karɓa-karɓa da bikin finafinai na FESPACO: bana wannan, baɗi wancan. Ba kullum al'amura suka tafi daidai ba. An soke ta 2014 saboda cutar Ebola da ta addabi yankin, annobar korona ta hana ta 2020, ta 2022 kuma sai a farkon 2023 aka ci ta, bayan juyin mulkin da aka yi a ƙarshen Satumban 2022. An koma kan tsohon lokaci a 2024.

Abin da ya fi ɗaure wa Bahaushe kai shi ne batun tikiti. A Kurmi ko Kantin Kwari ko babbar kasuwar Maraɗi, ba a taɓa jin an ce mutum ya biya kuɗi don ya shiga ya kashe kuɗinsa ba. Amma akwai dalili. Ginin yana cin wuta da ruwa, akwai masu gadi da masu shara, akwai jami'an da ke caje jama'a a ƙofa, kuma kuɗin hayar rumfuna kaɗai ba ya ɗaukar wannan nauyi. Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai sana'a. Wanda ya ciro kuɗi daga aljihu ya bi layi ya shigo, da niyya ya zo. Ko bai saya ba, zai tsaya ya duba, ya yi tambaya, ya karɓi lambar waya. Tikitin yana rage 'yan zaman kashe wando da 'yan sane, yana kuma ba masu shirya kasuwar damar sanin yawan mutanen da suka shigo, wanda da shi ake jawo masu ɗaukar nauyi a karo na gaba. Illarsa ita ce magidanci mai iyali da yawa yakan yi lissafi kafin ya kwaso yaransa, alhali yaran ne suka fi buƙatar ganin yadda ake saƙa da ƙira. Duk kasuwar da ta tsauwala kuɗin ƙofa ta cuci kanta, domin cikin waɗannan yara ne za a sami masu saye da masu koyon sana'ar nan gaba.

Filin kasuwar babba ne, an kewaye shi, a cikinsa akwai manyan zauruka masu sunaye, ciki har da Kilimanjaro da Gore. Wasu suna da na'urar sanyaya ɗaki, wasu fanka ce kawai, kuma hayar rumfa a masu sanyi ta fi tsada, don haka a can ake samun waɗanda sana'arsu ta yi ƙarfi da rumfunan da ƙasashe suka kama wa mutanensu. A waje akwai rumfunan abinci da dandalin makaɗa, inda gari ke cika da dare. Akwai kuma zauren da aka keɓe wa sabuwar fasaha, inda alƙalai ke tace kayan da za a baje, a ba waɗanda suka yi fice kyauta. Wanda ke son ya san inda sana'ar hannu ta dosa a Afirka, daga wannan zaure ya kamata ya fara, tun idonsa bai gaji ba.

Kayan masu masauki su ne suka fi yawa. Akwai Faso Dan Fani mai ratsi-ratsi, wanda yanzu mata ne suka fi saƙa shi, da rinin Koko Dunda na Bobo-Julaso, da malfar garin Sapone da ake saƙawa a yi mata ado da fata, da man kaɗanya da sabulunsa. Amma aikin da ya fi tsayar da baƙo shi ne zubin tagulla. Maƙerin yakan fara siffanta abin da yake so da kakin zuma, ko mahayin doki ne ko mace ɗauke da tulu, ya fitar da komai har zanen zane da kitson kai. Sai ya lulluɓe kakin da yumɓu da aka cuɗa da kashin jaki ko na doki, ya bar ƙaramar kafa, ya shanya. Idan ya bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. A wannan gurbi ake zuba narkakkiyar tagulla, wadda yawanci daga tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna da tarkacen injuna ake samo ta. In ta huce sai a fasa yumɓun, a goge, a kankare. Tunda sai an fasa mazubin ake fitar da kayan, ba a samun guda biyu iri ɗaya sak, kuma kuskure ɗaya wajen zubi yana iya ɓata aikin mako guda. Wanda ya ji wannan bayani daga bakin maƙerin, da wuya ya taya kayan da farashin na roba.

Baƙi ma kowa da abin da ƙasarsa ta shahara da shi. 'Yan Mali sukan zo da bogolan, ƙyallen auduga da ake yi wa zane da ruɓaɓɓen taɓo bayan an jiƙa shi a ruwan ganye. 'Yan Gana da kente. 'Yan Maroko da Tunisiya da dardumai da kayan tangaran. Rumfunan Nijar ba sa ɓoyuwa. Maƙeran farfaru na Abzin sukan baje zobba da mundaye da sarƙoƙin azurfa, da fitacciyar tsakiyar nan ta Agadas da 'yan uwanta, waɗanda akan lissafa iri 21, kowace da sunan garinta. Kusa da su akwai dukawan Damagaram da Maraɗi da Tawa da jakunkuna da takalma da tumtum na fatar akuya da aka jeme da bagaruwa. A nan mai jin Hausa yakan yi cinikinsa da harshensa, kuma ba a rumfunan Nijar kaɗai ba, domin Hausawa sun daɗe a Wagadugu tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, lokacin da ayari ke ratsa ƙasar Mosi.

Ciniki a cikin zauren bai rabu da al'ada ba. Ana tayawa, ana cewa albarka, ana ƙarawa har a sallama. Sai dai akwai bambanci da ya kamata mai saye ya kiyaye. A kasuwar yau da kullum, tsakanin mai saƙa da mai saye akwai ɗan sari da dillali da mai shago, kowa da ribarsa ko la'adarsa, don haka farashin farko yana da kitse da za a iya yankewa. A nan sau da yawa wanda ke tsaye shi ne ya yi aikin, kuma ya riga ya biya hayar rumfa da kuɗin mota da na kwastan da masauki da abincin kwana goma. Duk abin da aka zaftare, daga guminsa aka zaftare. Gaskiya ne a ranakun ƙarshe farashi yakan karye, saboda ba wanda ke son komawa da kaya ya sake biyan kuɗin dako, kuma masu wayo sukan jira wannan lokaci. Amma kayan kirki a kwanakin farko suke tafiya, mai jiran araha ragowa yake tararwa. Baƙo daga Nijeriya kuma ya lura da ƙirgen kuɗin sefa: a harsunan yankin da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka in Bahaushen Nijar ya ce ɗari biyu, sefa 1,000 yake nufi, wato jika ɗaya.

Ga mai sana'ar da ya san abin da ya kawo shi, cinikin ɗaiɗai ba shi ne babbar riba ba. Kasuwar tana jawo manyan masu saye daga Turai da Amurka da sauran ƙasashen Afirka, masu shaguna da masu sayen kayan ƙawata gidaje da otal-otal, waɗanda ke zagayawa suna neman wanda zai riƙa yi musu kaya da yawa. Oda guda daga irin waɗannan tana iya riƙe masaƙa ko majema shekara. A nan ne kuma raunin sana'ar hannu yake fitowa fili. Mai saye yana son jaka ɗari biyu masu girma ɗaya da launi ɗaya a ranar da aka yi alkawari, fatar ba ta wari, rinin ba ya zuba. Mai sana'a da ya saba yin guda biyar a mako shi da yaransa yakan karɓi aikin don kada ya wuce shi, sannan ya gaza cikawa, ko ya rarraba wa wasu da hannunsu bai kai nasa ba. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin masaƙa mata da na masu man kaɗanya suka fi cin moriyar irin wannan kasuwa: suna da yawan hannu, suna da mai rubutu da lissafi, suna da asusun banki.

Babbar barazana ga kasuwar daga cikinta take. Kayan kamfani da aka shigo da su daga Asiya sukan saci hanya su hau tebur da sunan aikin hannu, har da yadin da aka buga wa zanen Faso Dan Fani ko na kente da inji, ana sayar da shi a kan rabin kuɗin na gaskiya ko ƙasa da haka. Hukumomin Burkina sun yi wa Faso Dan Fani rajista da tambari a 2019 don kare masaƙa, amma tambari ba ya tsaron kowace rumfa. Wanda ya biya kuɗin ƙofa don ya ga aikin hannu yana da haƙƙin kada a sayar masa da na inji, kuma tace masu rumfa nauyi ne a kan masu shirya kasuwar, ko da hakan zai rage musu kuɗin haya. Mai saye ma yana da hanyoyin ganewa. Saƙar hannu zanenta a cikin zaren yake, ciki da baya duk ɗaya, kuma akan ga 'yar tangarɗa nan da can. Bugun inji kuwa galibi fuska ɗaya yake da ita, bayansa fari-fari. Azurfa mai kyau akan buga mata lamba 925, maƙeran Abzin da yawa kuma sukan zana sunansu a bayan kayan da rubutun Tifinag. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya: da me aka yi, kwana nawa ya ci, ina aka samo fatar ko zaren. Mai sana'a na gaskiya ba ya gajiya da wannan hira, ɗan kayan sari kuwa nan da nan yake sauya magana.

Irin wannan kasuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A Yamai akwai SAFEM, baje kolin sana'o'in mata da aka fara a 2000, wanda ya fi mai da hankali kan aikin hannun mata. A Nijeriya akwai kasuwannin baje koli na Kaduna da Kano, sai dai su na kowane irin kaya ne, inda badukku ko marini yakan ɓace tsakanin rumfunan bankuna da masu sayar da janareto. Kano, birnin da ke da marinar Ƙofar Mata da dukawa da majema da masu ɗinkin hula da aikin babbar riga, ya cancanci kasuwar da za a keɓe musu su kaɗai, a ƙarƙashin rufi, da ranar da kowa ya sani tun shekara guda kafin ta zo.

Mai niyyar zuwa Wagadugu ya fi dacewa ya shiga da safe a ranakun aiki, domin yamma da ƙarshen mako cunkoso yakan hana tsayawa a duba kaya. Ya zagaya sau ɗaya bai saya ba, yana riƙe lambar rumfunan da suka burge shi, sannan ya dawo. Ya tanadi canji, da katin rigakafin shawara, ya kuma bincika halin da hanya ke ciki kafin ya taso, domin titin da ya haɗa Yamai da Wagadugu yana ratsa yankunan da ke fama da rashin tsaro, shi ya sa da yawa suka koma bin jirgi. Wanda tafiyarsa ba ta dace da lokacin kasuwar ba, akwai ƙauyen masu sana'ar hannu a maƙwabtaka da filin, inda maƙera da masaƙa da dukawa ke aiki suna sayarwa duk tsawon shekara.