Matashin Kan Babur

Wanda ya tsaya a bakin hanya a Zauro da sassafe, ba zai daɗe ba sai ya gaji da ƙirga babura. Wannan ya nufi Birnin Kebbi da fasinja, wancan ya nufi Argungu da buhun shinkafa, wani kuma ya gangara fadama da injin ban ruwa ɗaure a bayansa. Aikin da jaki da keke su ke yi wa iyayenmu, yau babur ne ke yi mana shi. Da shi mu ke kai taki gona, da shi mu ke kai mara lafiya asibiti, da shi 'yan kabu-kabu su ke ci da iyalinsu.

Baburan nan daga nesa su ke zuwa. Bajaj Boxer da TVS daga Indiya, Jincheng da Haojue daga ƙasar Sin, Honda kuma kamfanin Japan ne. Awo ɗaya a ke ƙera kowane iri, amma mutane ba tsawonsu ɗaya ba. Dogon mutum in ya hau, sai ya duƙa kafin hannunsa ya kai. In ya yini a haka, da dare sai bayansa da wuyansa su hana shi barci, yatsunsa kuma su riƙa mutuwa. Saboda haka ne wadansu su kan ce a ɗaga musu kan babur. Wannan aiki yana da kyau in an yi shi daidai. In an yi shi da ganganci kuwa, yana iya kashe mutum. To, bari mu bi shi daki daki.

Yadda kan babur ya ke

Kan babur, wanda wadansu ke kira sitiyari, bututun ƙarfe ne. A tsakiyarsa akwai maɗauri biyu, kowanne da gindi da murfi. Bututun yana kwance a kan gindi, murfi ya rufe shi, noti huɗu sun matse su. Wurin da maɗauri ya kama an yi masa kaushi don kada ya zame.

Daga kan nan wayoyi su ke tashi. Akwai wayar totur wadda ke ba injin mai. Akwai wayar kuloci. Akwai wayar birkin gaba. Akwai kuma wayoyin wuta na fitila da oda da sigina. Kowace an yanke ta daidai da tsawon kan babur yadda ya fito daga kamfani, da ɗan rara kaɗan. Mu riƙe wannan, don a nan dukan haɗarin ya ke.

Abin da a ke ɗaga kai da shi ƙarfe biyu ne ƙanana, masu kwarmi a sama da ramukan noti. A kan sa su tsakanin gindin maɗauri da bututu. Mu za mu kira kowanne matashi, gama aikinsa ɗaya ne da na matashin kai. Ƙaramin babur na roba-roba, wanda a ka rufe kansa da roba, ba a sa masa irin wannan matashi, don ginin kansa dabam ne.

Kafin a kashe kuɗi

Mu fara duba ko lalle akwai bukata. A kafa babur a babban jak, mai shi ya hau ya zauna yadda ya saba, ya miƙe bayansa, ya kama kai. In zama ya yi daidai, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe, wuyan hannu ya miƙe, tafin hannu kuma ya zauna ƙasa da kafaɗa. In sai ya sunkuya kafin ya kama, kan ya yi masa ƙasa.

Sau da yawa maganin ba ya cin ko kobo. A sassauta noti huɗun nan, a ɗan juya bututu sama ko baya kaɗan, a sake ɗaurewa. In wannan ya isa, shi ke nan. In bai isa ba, sa'an nan a nemi matashi.

Awo uku

Awo na fari, kaurin bututu. Yawancin ƙananan baburan da mu ke hawa kaurin kansu milimita 22 ne. Akwai manya masu milimita 25 ko fiye da 28. In mun sayi matashin da ya fi bututunmu faɗi, ba zai kama ba. Ga hanya mai sauƙi: a zagaya zare sau ɗaya a tsakiyar bututu, a kwance, a auna shi a kan rular ɗan makaranta. In ya kusa santimita 7, bututun na milimita 22 ne.

Awo na biyu, tsawon matashi. Inci ɗaya milimita 25 ne da ɗan ɗori, watau kamar faɗin babban yatsa. Ɗagawar inci ɗaya ta kan ishi yawancin mutane, kuma sau da yawa rarar wayoyi ta kan kai. Abin da ya wuce haka, sai a shirya sayen wayoyi masu tsawo.

Awo na uku, tsawon noti. Tsohon noti ba zai yi ba, don yanzu an ƙara masa nisan tafiya. Lissafin ba wuya: tsawon tsohon noti, a tara da tsawon matashi. A ce tsoho milimita 35 ne, matashi 25, to sabo sai ya zama 60. In ya gaza, haƙori biyu ko uku kaɗai za su kama, ramin hanya ɗaya ya isa ya fizge su. In ya yi yawa, zai tokare a ƙasan rami, mutum ya ji ya ɗauru alhali bututu yana sako-sako. Har wa yau mu duba kan notin. Mai ƙarfi a kan rubuta masa 8.8 ko 10.9. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, mu bar wa mai shago abinsa. Araha ba ta ado.

Yadda a ke sa shi

Kayan aiki su ne sufana mai lamba 12 ko 13, alli ko fenti, tsumma, da mutum ɗaya mai taimako. In sabon notin mai rami ne a ka, sai a nemi maɓallinsa mai kusurwa shida.

1. A kafa babur a babban jak, a wuri mai tauri, ba cikin rairayi ba. A kashe injin, a zare makulli.

2. A shimfiɗa tsumma a kan tanki don kada ƙarfe ya ƙuje shi.

3. A ja layi da alli a kan bututu daidai bakin maɗauri, hagu da dama. Da wannan layi za mu gane tsakiya in mun zo mayarwa.

4. A sassauta noti huɗu kaɗan kaɗan, sa'an nan a cire su. Mai taimako ya riƙe kai, kada ya faɗi ya rataya a jikin wayoyi.

5. A goge ƙura da maiƙo daga gindin maɗauri da bututu. Kada a shafa giris ko baƙin mai a wurin. Wuri ne da a ke so ya kama, ba ya sulɓe ba.

6. A ɗora matashi biyu, ramukansu su dace da na gindi. A kwantar da bututu a kansu, layin alli ya koma wurinsa.

7. A rufa murafe. In akwai ɗigo ko kibiya a jikin murfi, galibi gaba ya ke kallo, kuma notin gaba a ke fara ɗaurewa. In babu alama, a ɗaura su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har gibin gaba da na baya su zama ɗaya.

8. A fara murɗa kowane noti da yatsa. In ya ƙi shiga da yatsa, ya hau haƙori a karkace, sai a fitar a sake.

9. Kafin a matse sarai, mai babur ya hau ya gwada, a gyara juyin bututu da hannun birki da na kuloci da madubi.

10. A matse da ƙarfin hannu ɗaya. Kada a zura bututu a sufana don ƙarin ƙarfi, haƙori zai cinye.

Jarrabawa kafin a hau hanya

Ga wurin da mutane da yawa su ke yin sakaci. Aiki bai ƙare ba sai an yi gwaji biyar.

Na ɗaya, injin yana kashe, a juya kai hagu har ya tsaya, a juya dama har ya tsaya. A taɓa kowace waya. Kada a sami wadda ta miƙe kamar tsirkiya, ko wadda ta matse tsakanin ƙarfe biyu.

Na biyu, a murɗa totur a sake shi, kai yana tsakiya, yana hagu, yana dama. Dole ya koma da kansa nan da nan. Ya kamata kuma ya kasance da ɗan wasa, kamar milimita 2 ko 3, kafin ya fara jan waya.

Na uku, a ta da injin ba giya, a bar shi yana silo, a sake juya kai hagu da dama ba tare da an taɓa totur ba. A kasa kunne. In ƙarar ta tashi, wayar totur ta gaza. Kada a hau wannan babur sai an sake ta.

Na huɗu, wani ya danna bayan babur har tayar gaba ta bar ƙasa, a juya ta da hannu. In birki yana kama ta, wayarsa ta yi gajarta. Babur mai birkin mai kuwa, tiyonsa a ke dubawa. In ya miƙe, sake shi aikin bakanike ne, don sai an fitar da iska daga cikinsa.

Na biyar, a gwada kuloci da fitila da oda da sigina. Wayar kuloci in ta ɗame, injin zai riƙa ihu babur ba ya ja.

Mu ɗauki misali don mu ga dalili. A ce mutum ya ɗaga kai inci biyu, bai sake wayar totur ba. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, ba abin da zai ji. Ya iso bakin kasuwa, ya rage gudu, ya karya kwana. Juyin nan ya ja waya, injin ya sha mai da kansa, babur ya zabura cikin mutane. Bai murɗa totur ba, amma wa zai gaskata shi? Wayar da ya ƙi saya ba ta kai kuɗin magani na kwana ɗaya ba.

In gwaji biyar ɗin sun yi kyau, a zagaya a hankali a fili. Bayan kwana biyu ko uku a sake gwada noti huɗun da sufana, gama girgizar hanyar fadama ta kan sassauta ƙarfe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abubuwan da ba a yi

Kada a jera washa ko tsofaffin noti a ƙarƙashin bututu a ce an ɗaga. Ba su da kwarmin da zai rungume shi, ranar da a ka taka birki da ƙarfi sai kai ya juya gaba.

Kada a gasa bututu da wuta a lanƙwasa shi, kada kuma a yanka a yi masa walda. Ƙarfen ya kan raunana a wurin, ya karye ba sallama. Wanda matashi bai ishe shi ba, ya sayi sabon kai mai tsawo tare da wayoyinsa.

Kada a sa matashin da a ka zuba da narkakkun gwangwanaye irin na tukunya. A kan sami kogon iska a cikinsa wanda ido ba ya gani.

Kada a ɗaga kai don a sami wurin cusa buhu a kan tanki. Kayan da ya hana kai juyawa ya ƙwace babur daga hannun mai shi. Mu tuna kuma, in kai ya tashi mutum ya kan koma baya, nauyi ya ragu a tayar gaba. In ga buhu biyu a baya, gaba sai ya yi sauƙi ƙwarai, ya riƙa rawa cikin rairayi. Sai a rage kaya, a rage gudu.

Hular kwano kuma ba a barinta a gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a ran 1 ga Janairu 2009. Kan babur in ya karye akwai wani a kasuwa. Kan mutum babu.

Amfanin karatu

Jama'a, ku lura da lambobin da mu ka ambata: 22 a bututu, 60 a tsawon noti, 8.8 a kansa, 12 a sufana. Wanda bai iya karatu ba, abin da a ka miƙo masa shi zai karɓa. Wanda ya zo aji kuwa, zai juya noti ya duba da idonsa, ya ce wannan ba shi ba ne. Kowane sabon babur da ɗan littafinsa ya ke zuwa. Kada a kunna wuta da shi. A kawo shi aji mu duba hotuna da lambobinsa tare. Wanda aikin ya fi ƙarfinsa ya kai wa bakanike, amma ya tsaya a yi gwaji biyar ɗin nan a gabansa.

Tambayoyi

1. Wayoyi nawa ne ke tashi daga kan babur? Faɗi sunayensu.

2. Tsohon noti milimita 40 ne, matashi milimita 20. Nawa ne tsawon sabon noti?

3. In ka juya kai ka ji ƙarar injin ta tashi, me ya faru? Me za ka yi?

4. Don me ba a shafa mai a wurin da maɗauri ya kama bututu?

5. Rubuta abu biyu da ba a yi wajen ɗaga kan babur.