Makarantar Da Ke Tafiya A Bakin Teku

A ƙasar Amurka, inda tun 1993 doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida a dukan jihohi 50, wasu sun ƙara gaba. Sukan kwashe iyali cikin mota mai ɗakin kwana, su bi gaɓar tekun Pasifik daga Kalifoniya zuwa Oregon, ana tafe ana karatu.

Da hantsi sai lissafi da rubutu bisa teburin cin abinci. Bayan azahar kuwa hanya ce malama. A Monterey yaro ya shiga gidan ajiye halittun ruwa da aka buɗe a 1984, a San Faransisko ya taka gadar Golden Gate ta 1937, can arewa ya tsaya gindin itacen da tsawonsa ya haura mita 100. Gani ya kori ji.

Amma fa da sauran rina a kaba. Abokin wasan yau, gobe an rabu. Dokar jiharsu kuma na biye da su: ɗan Oregon dole ya zauna jarrabawa a aji 3, 5, 8 da 10. Ita kanta hanyar ba ta da tabbas. A 2017 ƙasa ta zaftare a Big Sur, ta toshe ta fiye da shekara guda.