Sana'ar Ɗinka 'Yar Tsana da Ƙyallayen Tela: Bayani ga Jama'ar Idu da Kewaye

Gabatarwa

Kowane shagon tela a Idu, ko Karimo, ko Gwagwa, ba ya rabuwa da tulin ƙyallaye a gindin keke, balle idan Salla ko Kirsimeti ta ƙarato. Guntayen atamfa ne, da shadda, da leshi, da yadin kaftani. Wasu akan cinna musu wuta, hayaƙi ya dami maƙwabta. Wasu su faɗa magudanar ruwa su toshe ta da damina. Waɗanda motar shara ta kwasa kuwa, makomarsu babban jujin Gosa da ke kusa da yankin masana'antu na Idu. Alhali kuwa da waɗannan ƙyallaye ana iya ɗinka 'yar tsana a sayar.

An shirya wannan bayani domin matan aure da ke neman sana'ar cikin gida, da matasan da suka gama makaranta, da masu koyon ɗinki. Sana'ar ba ta bukatar jari mai yawa, amma tana tsaye ne a kan abu biyu: kiyaye lafiyar yaron da zai yi wasa da kayan, da kuma iya lissafi. Wanda ya yi sakaci da ɗayansu ba zai daɗe a cikinta ba.

Asalin 'Yar Tsana

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni 'yan mata sukan yi ta da karan dawa, ko ƙashin dabba, ko yumɓu, su ɗaura mata ƙyalle, su goya ta, har su shirya mata biki. Ta wannan wasa ne yarinya take fara koyon goyo, da ɗaurin zani, da riƙon allura. Daga baya sai ta roba da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje ta cika kasuwa, galibinta farar fata mai gashi irin na Turawa.

A shekarar 2007 wani ɗan kasuwa a Legas, Taofick Okoya, ya fara fitar da 'yan tsana baƙaƙe masu suturar Nijeriya, da sunan Queens of Africa, suka kuwa karɓu a gida da waje. Wannan ya nuna cewa iyaye suna son 'ya'yansu su yi wasa da abin da ya yi kama da su. Nasa na roba ne, sai da masana'anta. Ta ƙyalle kuwa allura da zare sun isa.

Dalilin da Ya Sa Idu Ta Dace

Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma mai da mazaunin gwamnati Abuja a 1991, jama'a suke ta ƙaruwa a wannan yanki, teloli ma haka. Kasuwar Karimo, wadda ta yi suna wajen gwanjo, tana nan kusa. A Idu ne kuma tashar jirgin ƙasa take, inda hanyar dogo mai tsawon kilomita 186 ta tashi zuwa Rigasa a Kaduna, wadda aka buɗe a watan Yuli na 2016. Watau dai kayan aiki da masu saye duk suna kusa da juna.

Tattara Ƙyalle da Tsabtace Shi

Kamata ya yi mai sana'a ya ƙulla yarjejeniya da tela biyu ko uku, ya ajiye musu buhu mai tsabta su riƙa zuba ƙyallaye a ciki tun kafin su taɓa ƙasa. Ana iya amfani da tsofaffin tufafin gida ko na gwanjo da ba su ruɓe ba. Amma ko kusa kada a ɗauko tsumma daga bola, ko daga sharar asibiti, ko wanda aka goge man inji ko maganin ƙwari da shi.

Duk ƙyallen da ya shigo, lalle ne a wanke shi da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana ya bushe sarai, sannan a goge shi da dutsen guga. A gwada kowane launi ta hanyar jiƙa shi a murza a kan farin ƙyalle. Wanda ya zuba a ware shi, gama yaro zai sa shi a baki. Bayan haka a kasa su kashi uku: yadin auduga mai ƙwari, mai launin ƙasa ko baƙi, na yin jiki, masu ado na sutura, ƙanana kuma na cusawa.

Yadda Ake Ɗinkin

1. A zana siffar kai da gangar jiki, da hannu, da ƙafa a kan kwali, a yanke. Tsawon inci 12 ya dace da mai fara koyo. Wannan kwali shi zai sa dukkan kayan su fito daidai wa daida.

2. A ninka yadi biyu, a ɗora kwalin a zana da alli, a yanka, a bar rabin inci a gefe domin ɗinki.

3. A ɗinke ta baibai sau biyu, a bar 'yar kafa, sannan a juyo da shi.

4. A cusa auduga mai tsabta, ko ƙyallen da aka yayyanka ƙanana, a riƙa turawa da sanda marar tsini har jikin ya cika ba tare da ya yi tauri ba. Kada a cusa garin katako, ko yashi, ko soson tsohuwar katifa, saboda ƙura da kuɗin cizo.

5. A rufe kafar da ɗinkin hannu, a haɗa hannuwa da ƙafafu da zare riɓi biyu.

6. A yi gashi da baƙin zaren saƙa, a kafe shi da ɗinki, sannan a yi masa kitso.

7. A ɗinka sutura: riga da zani da ɗankwali ga mace, kaftani da hula ga namiji. Ana iya yin shigar Fulani, ko ta matar Gbagyi ɗauke da ƙwarya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take, da ma shigar sauran ƙabilun ƙasar nan.

Kiyaye Lafiyar Yaro

Rigakafi ya fi magani. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kome ya kama sai ya kai baki, kuma ƙaramin abu yana iya shaƙe shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka kada a sa maɓalli, ko dutsen ado, ko tsakiya, ko waya a jikin 'yar tsanar ƙananan yara. Ido da baki da zare ake ɗinka su. Kada a bar doguwar igiya da za ta iya naɗe wuya. Mai ɗinki ya ƙidaya allurai da fil-fil kafin aiki da bayansa, don kada ɗaya ta saura a cikin auduga. Kafin a fitar da kaya, a ja hannu da ƙafa da gashi da ƙarfi. Abin da ya cire a hannun babba zai cire a bakin yaro. Wadda aka yi wa ado da duwatsu kuwa, a gaya wa mai saye cewa ta ajiya ce, ba ta wasa ba.

Akwai kuma batun fuska. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen halatta su ga yara. Duk da haka wasu iyaye sun fi natsuwa da wadda ba a zana mata ido da baki ba. Mai wayo sai ya ɗinka iri biyun, kowa ya zaɓi abin da ya kwanta masa a rai.

Lissafi da Sayarwa

Kuskuren da ya fi karya masu ƙananan sana'o'i shi ne su ce ai ƙyalle kyauta ne, sai su karya farashi. Ƙyalle kyauta ne, amma zare, da auduga, da sabulu, da gawayin guga ko wutar lantarki, da kuɗin mota, ba kyauta ba ne, haka nan lokacin mai ɗinki. A ce, a misali, kayan 'yar tsana ɗaya sun ci naira 1,000, ladan aiki naira 1,500, kuɗin mota da leda naira 500. Jimla naira 3,000 ke nan. Wanda ya sayar a naira 2,500 yana murnar ya ci ribar 1,000, alhali ko ladan aikinsa bai cika ba. Lalle ne a tanadi littafi a riƙa rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo, kuma a raba kuɗin sana'a da na cefane.

Wuraren sayarwa sun haɗa da makarantun renon yara, da shagunan kayan jarirai a kasuwannin Wuse da Utako da Garki, da bikin suna, da baje-kolin kasuwanci da akan yi kowace shekara a Abuja da Kaduna. Matafiya ma sukan nemi tsarabar yara, sai dai ba a kasa kaya a harabar tashar jirgi sai da izinin hukumar tashar. Hoto mai kyau a WhatsApp ko Facebook yakan kawo ciniki daga nesa. Idan amarya ta fitar da anko, ana iya ɗinka 'yar tsana da ragowar yadin, a sayar wa dangi su ajiye don tunawa.

Inda Za a Nemi Taimako

Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, watau SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003, tana da cibiya a Idu mai sashen ɗinki. Rajistar sunan sana'a kuwa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ake yin ta, kuma ita ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Wanda kayansa suka yi yawa har yana son kai su manyan kantuna, sai ya tuntuɓi Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, wadda aka kafa a 1971. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mata biyar ko goma suka haɗu a ƙungiyar gama kai, wata ta yanka, wata ta ɗinka, wata ta kai kasuwa, za su iya cika alkawarin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Kammalawa

Ana kira ga teloli da su daina ƙona ƙyallaye, su ajiye wa masu bukata. Ana kuma kira ga iyaye da su duba abin da suke saya wa 'ya'yansu, su kuma ƙarfafa wa masu sana'ar gida gwiwa. Mai son farawa kuwa, ya ɗinka guda biyar tukuna, ya wanke ɗaya ya ga ko za ta jure, ya rubuta abin da ya kashe, sannan ya fita kasuwa.