FILIN MANOMA: Man Da A-Kori-Kura Ke Sha A Hanyar Jibiya

Ran Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, hanyar da ta taso daga Katsina ba ta rabuwa da motocin a-kori-kura tun da sassafe. Waɗansu na ɗauke da gero da dawa da masara, waɗansu tumaki da awaki, waɗansu kuwa kayan lambu na masu noman rani a bakin madatsar ruwan Jibiya. Akwai kuma masu wucewa Magama, inda kan iyaka ya ke, su bi ta Ɗan Isa su shiga Maraɗi. Daga Katsina zuwa Jibiya wajen kilomita 45 ne, daga kan iyaka zuwa Maraɗi kuwa kamar 50. Tafiya ce gajeriya, amma man da a ke ƙonewa cikinta ya isa ya cinye ribar buhu.

Dā babu mai damuwa da wannan lissafi, don mai yana da araha a Nijeriya. Abin ya sāke ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kuma cikin Oktoba na 2024, ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Mutanen Jibiya kuwa sun riga kowa ɗanɗana tsadar, gama tun cikin Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da kan iyaka, don hana fasa-ƙwauri. Direba ya zama tilas ya cika tanki tun daga Katsina, ko kuwa ya faɗa hannun 'yan bumburutu. Duk abin da direba ya biya, a kan buhun manomi ya ke ɗora shi.

To, abin da ya kamata manomi da ɗan kasuwa su riƙa tambaya shi ne, lita nawa kowane buhu ya ci kafin ya isa kasuwa? Ga misali. A ɗauka mota tana shan lita 12 a kowane kilomita 100, a kuma ɗauka lita Naira 1,000 ce, don lissafi ya yi sauƙi. Zuwa Jibiya da komowa Katsina kilomita 90 ke nan, watau wajen lita 11, Naira 11,000. Irin su Toyota Hilux an ƙera su ne don su ɗauki kamar tan ɗaya, buhu goma ke nan masu kilo 100. Saboda haka kowane buhu ya ci man Naira 1,100. Amma fa rabin wannan mai an ƙone shi ne wajen komowa da mota wayam. In mutum biyu suka haɗa kai, ɗaya ya kai taki ko siminti, ɗaya ya komo da hatsi, kuɗin man kowane buhu ya ragu da kusan rabi. Babu wani gyaran bakanike da zai kawo sauƙi irin wannan. 'Yan kamasho na tasha sun san masu neman mota ta kowane gefe, tambayarsu kuwa ba ta da tsada.

Bayan komowa wayam, babban ɓarawon mai shi ne gudu. Dalili kuwa iska ce. Mota mai tafiya tana ture iskar da ke gabanta, kuma ƙarfin da iska ke tare ta da shi ba daidai da gudun ya ke ƙaruwa ba. In an ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu ta ke ninkuwa. Kowa ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota ya ji wannan a tafinsa. Masu binciken ma'aikatar makamashi ta Amurka sun gwada motoci iri iri, suka tarar cewa daga mil 50 a awa zuwa mil 70, watau daga kilomita 80 zuwa wajen 110, nisan da lita ɗaya ke kai mota yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A lissafin nan na sama, lita 11 ta zama 14 da wani abu ke nan.

Me direba ya samu da wannan Naira 3,000 da wani abu da ya ƙara? Kilomita 45 a gudun 80 minti 34 ne, a gudun 110 kuwa minti 25. Minti tara kacal a zuwa, tara a komowa, waɗanda kuma zai zubar da su a shingen farko, gama hanyar Katsina zuwa Jibiya ta yi suna wajen yawan shingayen jami'ai. Kowane shinge sai an taka birki, sa'an nan a sāke jan lodi daga tsaye, wanda shi ne lokacin da inji ya fi zuƙar mai. Wanda ya hango shinge ya ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, motar ta gangara da kanta, ya fi wanda ya zo a guje ya ci birki. Hukumar kiyaye haɗurra ma kilomita 80 ta yanka wa ƙananan motoci a hanyar da ba tagwaye ba. Gaskiya ne waɗansu direbobi tsoron 'yan bindiga ke sa su gudu, tun da ƙasar Jibiya ta sha fama da su shekaru da dama. Ba mai ganin laifinsu. Sai dai maganin wannan shi ne tashi da wuri da komowa da sauran rana, don kada tsoro ya zama shi ke riƙe da totur.

Yadda a ke ɗaura kaya shi ma abin dubawa ne. Buhun hatsi yana da nauyi amma ba ya tare iska, in an jera shi bai wuce kan direba ba. Harawa da kara da kwandunan tumatir kuwa ba su da nauyi sosai, amma a kan tula su har su yi tsawon ɗaki, sai mota ta zama kamar mai tafiya da bango a ka. Irin wannan lodi ba ya son gudu ko kaɗan. A ja tamfol a ɗaure shi tam, kada a bar shi yana kaɗawa.

Akwai masu cewa ai in an ɗora buhu ashirin maimakon goma, man kowane buhu zai ragu. Haka ne, zai ragu, ba a musun wannan. Amma abin da aka tsira da shi a gidan mai, a kan biya shi wurin mai faci da mai sayar da sifirin. Taya mai ɗauke da ninkin abin da aka yi ta dominsa tana zafi a kan kwalta, musamman da bazara, birki kuma ba ya kama motar inda ya saba. Ranar da taya ta fashe da lodi, hatsin da mai motar da yaran da ke zaune bisa buhuna duk suna cikin hatsari.

Ƙasar Jibiya rairayi ce, kuma yawancin hatsi daga ƙauyuka a ke kwaso shi. Direbobi kan rage iskar taya don su wuce yashi, wannan dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne a hau kwalta a haka. Taya mai ƙarancin iska tana jan ƙafa, ta ƙara shan mai, ta kuma cinye da wuri. Haka nan mai mota mai jan ƙafa huɗu ya tuna ya fitar da giyar taimako da zarar ya bar yashi. Da hunturu kuma ƙura kan toshe matatar iska ta inji. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar cikin 1975, da kafireto su ke aiki, in matatarsu ta toshe sai su yi ta zuƙar mai suna baƙin hayaƙi. Sababbin motoci kuwa ƙarfinsu ne ya kan ragu. Ko wace iri ce, kakkaɓe matata ba ya cin kuɗi.

Sai zaman jira. A Magama mota kan daɗe a layi ana duba takardu da kaya. Injin a-kori-kura da aka bari yana aiki a tsaye yana ƙone lita ɗaya zuwa biyu a awa, ba tare da ya gusa ko taku ɗaya ba. Da yawa ba su kashe shi ne don batirinsu ya mutu, suna gudun turi. Mai zuwa Maraɗi kowace Litinin da Jumma'a, ranakun kasuwarta, in ya tara man jiran 'yan watanni zai ga ya kai kuɗin sabon batir.

Duk wannan ba zai tabbata ga mutum ba sai ya auna motarsa. A cika tanki fal a gidan mai, a rubuta lambar agogon da ke ƙidaya tafiya. In an komo a sāke cikawa fal a famfo ɗaya, a rubuta litar da ta shiga, sa'an nan a raba kilomitar da aka yi da yawan litar. In agogon ya lalace, kamar yadda ya ke a tsofaffin motoci da yawa, a yi amfani da nisan da aka sani, Katsina zuwa Jibiya da komowa 90. Kada a auna da galan na bakin hanya, gama galan na ainihi lita huɗu da rabi ne, na roban 'yan bumburutu kuwa yawanci huɗu ya ke ci, in ma an cika shi. A yi gwajin Lahadi biyu da lodi iri ɗaya, ɗaya a gudun 80, ɗaya yadda aka saba, a ajiye takardar. Ita ce manomi zai fito da ita ranar da za su yi cinikin shata da mai mota.